Wa Ya Kori Hausa Daga Jerin «Dole Ka Karanta»?

A ƙasar da kantunan sayar da littattafai ba su taka kara sun karya ba, littafi ba ya tafiya da ƙafarsa, hannu ne ke miƙa wa hannu. Daga Tawa zuwa Maraɗi, daga Damagaram zuwa Yamai, akasarin abin da ɗan boko ya karanta bayan ya bar lakwal, wani aboki ne ya dafa kafaɗarsa ya ce masa: «Wannan dole ka karanta shi.» Ashe ke nan shawarar aboki ba ƙaramin abu ba ce a wurinmu. Ita ce ɗakin karatunmu na ainihi. Littafin da aka ambata a ɗakin malamai, ko a fada wajen shan shayi, zai zagaya gari har bangonsa ya yage. Wanda aka yi shiru da shi kuwa, gara ce kaɗai za ta san abin da ke cikinsa.

To, a gwada wannan. A shiga ɗakin malamai na wani koleji ko lise a ƙasar Hausa ta Nijar, a roƙi malaman adabi su rubuta littattafai goma da suke ganin wajibi ne abokinsu ya karanta. Ana iya sanin amsar tun ba a buɗe takardar ba. Hugo zai zo, Balzak zai zo, Zola da Moliyer za su biyo baya. Sannan, don kada a ce an manta da Afirka, a ƙara da «L'Enfant noir» na Kamara Lay, da «L'Aventure ambiguë» na Shek Hamidu Kan, da «Les Soleils des indépendances» na Amadu Kuruma, da «Une si longue lettre» na Mariyama Ba. In an yi sa'a, «Sarraounia» ta samu gurbin ƙarshe. Littafin Hausa fa? Da wuya a ga ko ɗaya. Mutumin da ya gai da mahaifiyarsa da Hausa da sassafe, ya yi cefane da Hausa, ya yi wa ɗansa faɗa da Hausa, shi ne zai zauna ya jera littattafai goma ba tare da harshen ya faɗo masa a rai ba.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Jerin «dole ka karanta» da Bahaushe ya ba Bahaushe, in babu littafin Hausa a cikinsa, gurgun jeri ne, kuma mai bayar da shi bai sauke haƙƙin abota ba.

Jerin jarrabawa cikin rigar abota

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ni malamin Faransanci ne kamar yadda nake malamin Hausa, kuma ba zan yarda a wulaƙanta Mariyama Ba ko Kuruma a gabana ba. Littattafan nan sun cancanci sunansu. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake jero su kamar haddar allo. A dubi jerin da kyau, za a ga tsarin karatun jarrabawar bak ne aka tuɓe wa rigar makaranta aka sa masa ta abota. Malamin bai tambayi kansa ko wane ne abokin nan ba, me ke damunsa, wane labari ne zai hana shi barci. Ya dai maimaita abin da aka maimaita masa yana ɗalibi. Wani ma, in aka tsare shi da tambaya, sai a tarar bai taɓa karanta «Les Misérables» daga farko zuwa ƙarshe ba. Guntayen da ke cikin littafin aji ya sani, da su yake tinƙaho.

Mu dubi wanda aka ba shawarar. Wataƙila ma'aikacin asibiti ne, ko ɗan duwan, ko ɗan kasuwar da ya tsaya a aji huɗu na koleji. An ɗora masa littafi mai shafi sama da dubu, cike da titunan Faris na ƙarni na 19 da kalmomin da sai an riƙa duba ƙamus. Ya yi shafi talatin ya ajiye. Abin da zai ɗauka daga nan iri biyu ne, kuma dukansu guba ne. Na farko, zai yanke wa kansa hukunci cewa karatun littafi ba nasa ba ne, na masu digiri ne. Na biyu, zai ƙara sakankancewa da abin da aka daɗe ana raɗa masa tun yana ƙaramin aji, wato zurfin tunani da Faransanci ake yin sa, Hausa kuwa ta kasuwa ce da tasha da hirar tsakar gida.

Wannan raɗar ta fi kowace doka ƙarfi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Duk wannan yana kan takarda. Amma takardar hukuma ba ta zama a gindin bedi ta karanta labari. Harshe yana samun martabar rubutu ne ranar da masu ilimin cikinsa suka fara ce wa juna: «Ka karanta wancan littafin kuwa?» Muddin malamai ba su faɗin haka game da littafin Hausa, to matsayin da aka ba harshen rawani ne aka naɗa wa turmi. Abin da na faɗa game da Hausa kuwa ya shafi Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauran harsunanmu. Kowa ya duba nasa gidan.

Hujjoji huɗu da ba su riƙe ruwa

In aka tuhumi masu irin wannan jeri, hujjojinsu ba su wuce huɗu ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko: «Ai babu abin karantawa da Hausa.» Wannan maganar rashin sani ce, kuma rashin sani a bakin malami ya fi muni. A 1933 Rufat Is, wanda ke shugabantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga gasar nan aka samu littattafai biyar da har yau ake bugawa: «Ruwan Bagaja» na Abubakar Imam, «Ganɗoki» na Bello Kagara, «Shaihu Umar» na Abubakar Tafawa Ɓalewa, «Idon Matambayi» na Muhammadu Gwarzo, da «Jiki Magayi» na Jon Tafida tare da shi Is ɗin. A lura da shekarar. Kamara Lay bai fitar da «L'Enfant noir» ba sai 1953, shekara ashirin bayan gasar. Ƙagaggen labarin farko da ɗan Nijar ya wallafa da Faransanci, «Grandes eaux noires» na Ibrahim Isa, sai 1959 ya fito. Ke nan ƙagaggen labari na Hausa ya girmi mafi yawan littattafan Afirka da ake taƙama da su a cikin jerin. Bayan waɗannan aka yi «Magana Jari Ce» mai juzu'i uku daga 1937, aka yi gasannin da suka fito da «So Aljannar Duniya» na Hafsatu Abdulwahid a 1980 da «Turmin Danya» na Sulaiman Ibrahim Katsina da «Ƙarshen Alewa Ƙasa» na Bature Gagare a farkon shekarun 1980. Daga tsakiyar shekarun nan kuma Kano ta cika kasuwanni da littattafai ba adadi. Ban ma taɓo waƙoƙin ajami ba, daga Nana Asma'u zuwa «Imfiraji» na Aliyu Namangi. Wanda ya ce babu, ya ce dai bai nema ba.

Ta biyu: «Ai waɗannan na Nijeriya ne, ba namu ba ne.» Abin dariya, mai wannan hujja shi ne ya sa Balzak a sahun gaba. Yaushe Balzak ya zama ɗan Madawa? In har littafin da aka rubuta a Faris zai iya zama namu, yaya wanda aka rubuta a Katsina, tafiyar ƴan awoyi daga Maraɗi, zai zama baƙo? Sarakunan Maraɗi har yau sarautar Katsina suke riƙe da sunanta, na Tsibiri kuma ta Gobir. Iyakar da Faransa da Ingila suka ja ta raba haraji da tuta, ba ta raba karin magana ba. Bambancin rubutunmu da nasu bai wuce harafi ɗaya da ƴan ƙananan ƙa'idoji ba, kuma yaron aji shida yana sabawa da shi cikin shafi biyu.

Har ma akwai abin da ya fi wannan. Ɗaya daga cikin tsofaffin tarihin rayuwa da aka taɓa rubutawa da Hausar boko, na ɗan ƙasar Damagaram ne. Dorugu yaro ne daga yankin Kance da aka kama bauta, aka kai shi Barno, wani Bajamushe matafiyi ya ƴanta shi, ya bi Hainrik Bart har Tumbuktu, ya ƙetare Sahara, ya isa Landan a 1855. A Ingila ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa ga wani mai wa'azin Kirista, Shon, wanda ya buga shi a cikin «Magana Hausa» a 1885. A shekarar da Zola ya fitar da «Germinal», a shekarar ce aka buga muryar wani yaron ƙasarmu yana kwatanta abin da ya gani a Ingila da harshen uwarsa. Malamai nawa ne a Damagaram suka taɓa ambata wa aboki sunan Dorugu? Nawa ne kuma suka ambaci «Germinal»?

Ta uku: «Ai tatsuniyoyin yara ne da shirmen soyayya.» A nan ne girman kai ya fi fitowa fili. Wanda ya ce «Magana Jari Ce» na yara ne, tun yana yaro ya rabu da shi. Ya koma ya karanta da idon malamin adabi. Zai ga yadda Imam ya gina labari cikin labari, aku yana jan hankalin ɗan sarki da hira don ya hana shi fita zuwa halaka. Zai ga yadda ya ɗebo labarai daga «Dare Dubu da Ɗaya» da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya yi musu wanka da Hausa har ba mai cewa baƙi ne. Wannan shi ne aikin da Lafonten ya yi wa tatsuniyoyin Girka, kuma a aji muna kiran nasa hazaƙa. Me ya sa na Imam zai zama wasan yara?

Batun soyayya kuwa, a ajiye littattafai biyu a kan tebur ɗaya. A «Une si longue lettre» na 1979, Ramatulay tana cikin takaba tana rubuta wa ƙawarta wasiƙa game da mijin da ya yi mata kishiya da ƙawar ƴarsu, ya watsar da ita da ƴaƴa goma sha biyu. A «Alhaki Kuykuyo Ne» na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, Rabi ce mijinta ɗan kasuwa ya auro wata ya kore ta da ƴaƴa tara, ta koma sayar da abinci don ta ciyar da su. Ciwo ɗaya ne, tambaya ɗaya ce. Bambancin shi ne Ramatulay malamar makaranta ce a Dakar mai albashi da alƙalami, Rabi kuwa tukunya ce jarinta, kuma irinta ce ke zaune a kowace unguwa ta Maraɗi da Tasawa. Littafin farko muna koyar da shi, muna ba da jarrabawa a kansa. Na biyu muna kiransa littafin ƴan mata. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ya ga darajarsa ya buga fassararsa da Ingilishi. Mutanen Indiya sun gani, malamin da ke maƙwabtaka da Kano bai gani ba.

Gaskiya ne a cikin littattafan kasuwar Kano akwai tarkace da yawa: kurakuran ɗab'i, labarin da aka ja aka raba kashi uku don a ci kuɗin mai saye, attajiran da ba su da aiki sai sayen motoci. Amma wane adabi ne babu tarkace a cikinsa? Littattafan da ake sayarwa a tashoshin jirgin ƙasa na Faransa duka Hugo ne ya rubuta su? Aikin malami ai shi ne ya shiƙe ya fitar da tsaba. Wanda ya zubar da kwaryar gaba ɗaya don ya ga tsakuwa, shi da waɗanda suka ƙona littattafan nan a bainar jama'a a Kano a 2007 hukunci ɗaya suka yanke. Su da ashana, shi da shiru.

Ta huɗu: «Karatun Hausa yana da wuya, kuma yana ɓata wa mutum Faransanci.» Rabin farko na maganar akwai gaskiya a ciki, kuma abin kunya ne. Mutum ya yi shekara goma sha uku a makaranta ba a taɓa nuna masa bambancin ƙ da k ba, dole ya yi tuntuɓe a shafin farko. Amma tuntuɓen kwana uku ne. Ana rubuta Hausa kusan yadda ake furta ta; wanda ya iya jure rubutun Faransanci mai haruffan da ba a furtawa ba zai kasa wannan ba. Rabi na biyu kuwa, kowane malami ya san akasinsa daga ajinsa: ɗalibar da ta saba cinye littafi cikin dare biyu, ko da wane harshe ne, ita ce ke iya zama da dogon rubutu ranar jarrabawa. Sabo da karatu abu ɗaya ne, yana bin mai shi daga harshe zuwa harshe. Abin da ke kashe Faransancin ɗalibanmu shi ne rashin karanta komai.

Abin da zan miƙa wa aboki

Mai suka ya kamata ya nuna nasa. Ga abin da zan sa a hannun aboki Bahaushe ɗan Nijar, bi da bi, da dalilin kowanne.

Zan fara masa da «Ruwan Bagaja», domin gajere ne, kuma dariya ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga. Cutar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna daga gari zuwa gari za ta kai shi ƙarshen littafin kafin ya tuna cewa bai saba karanta Hausa ba.

Sai «Shaihu Umar». Wanda ya rubuta shi malamin makaranta ne kamarmu kafin ya zama firaministan Nijeriya. Labarin yaron da aka sace ne, bauta ta kai shi ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Tarabulus a wancan zamani ta ƙasarmu suke ratsawa. Littafin yana magana a hankali, ba ya ɗaga murya, amma ya taɓo abin da har yau ba mu son tattaunawa a tsakaninmu, wato hannun kakanninmu a cikin cinikin mutane. In aboki ya gama shi, a ba shi labarin Dorugu ya ga irin wannan hanya daga bakin wanda ya taka ta da ƙafarsa.

Na uku «Jiki Magayi», ga wanda ke zaton tsofaffin littattafai wa'azi ne kawai. Attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya sadaukar da rayuwarsa ga ramuwa, ramuwar ta faɗa kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda ya koyar da wasannin Rasin zai gane wannan ƙirar nan take.

Na huɗu «Turmin Danya», musamman ga mutumin Maraɗi ko Ƙonni ko Magarya. Littafi ne kan fasa-ƙwauri da cin hanci da yadda kuɗin dare ke sayen mutuncin rana. An rubuta shi daga wancan gefen iyaka, amma duk wanda ya zauna a garin kan iyaka zai riƙa ɗaga kai daga shafi yana tuna fuskoki.

Na biyar, littattafan Balaraba Ramat guda biyu, «Alhaki Kuykuyo Ne» da «Wa Zai Auri Jahila?», wanda ke ba da labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta ƙi yarda rayuwarta ta ƙare a nan. Wannan na biyun, kowane daraktan makaranta da ya taɓa ganin bencin ɗaliba ya zama wayam bayan hutu ya kamata ya karanta shi. Zan haɗa su da Mariyama Ba, in ce wa abokin ya karanta su a jere ya faɗa mini wadda ta fi gaya masa gaskiya.

Daga nan sai in juya ga namu na gida da suka rubuta da Faransanci, domin su ma jerin ya cuce su. «Sarraounia» na Abdulay Mamani, na 1980, kan turjiyar sarauniyar Lugu a gaban rundunar Bule da Shanuwan a 1899, rundunar da ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a shekarar nan. Med Hondo ya mai da shi fim, ya ci babbar kyautar Fespako a 1987. Zan gargaɗi abokin cewa ƙagaggen labari ne, marubucin ya ƙara gishiri inda tarihi ya yi shiru, don haka kada ya ɗauke shi littafin tarihi. In tarihin yake so, ga aikin Andre Salifu na 1971 kan daular Damagaram a ƙarni na 19, ga na Jibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa. Ba daidai ba ne mutumin Tawa ya san jerin sarakunan Faransa bai san yadda Adar ta kafu ba. Sai kuma «Abboki ou l'appel de la côte» na Mahamadu Halilu Sabbo, na 1978, kan samarin ƙauye masu tafiya ci-rani bakin teku. An kusa shekara hamsin da fitowarsa, amma a je tashar mota bayan girbi a ga ko labarin ya tsufa.

Bayan duk wannan, in abokin ya dawo yana neman ƙari, to ga Kuruma, ga Shek Hamidu Kan, ga Hugo ma in yana da ƙarfin zama. Zai same su a lokacin yana mai karatu, yana da abin da zai auna su da shi. A gefen tabarmarsa kuma a ajiye masa «Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci» na Abdu Mijingini, don ya riƙa ƙetarawa tsakanin harsunan biyu ta kowace fuska.

Su ma masu kishin baki

Akwai wani rukuni da ba zan bari su tafi suna murna ba, wato masu kishin Hausa na fatar baki. Su ne ke tashi a taron ƙungiya su yi awa guda suna yabon harshen uwa, wani lokaci ma da Faransanci. In ka ce su ba ka sunan littafi, «Magana Jari Ce» ne; in ka ce su ƙara, sai su koma kan «Magana Jari Ce». Imam ya rasu tun 1981. Harshen bai bi shi kabari ba. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC tana fito da gajerun labaran mata tun 2016. Ana rubuta dogayen labarai ana rarraba su ta WhatsApp, ana karanta su a gidajen rediyo, ɗalibanmu mata suna bin su babi bayan babi a wayoyinsu. Mai kishin da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, bai isa ya ce wanne ne mai kyau wanne ne na banza ba, mai gadin maƙabarta ne. Yabon da ba ya tare da karatu da suka ba ya raya adabi. Shi da rainin ɗan Faransanci hanyarsu daban, masaukinsu ɗaya: littafin Hausa ya kwana a rufe.

Haƙƙin abota

Me ya rage mana, ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu? Abubuwa ne da ba su bukatar izinin minista ko tallafin wata ƙasa.

Kada mutum ya ba da shawarar littafin da bai karanta ba har ƙarshe. Wannan kaɗai zai rage tsawon jerin da yawa, ya ƙara musu gaskiya. In za a ba da shawara, a haɗa da littafin kansa, domin ambaton suna kawai a garin da ba a sayar da littafin kamar kwatanta wa mai ƙishirwa rijiyar wani gari ne. Motoci suna zuwa Katsina da Kano suna dawowa. Wanda ya iya saƙon atamfa da kayan gyaran babur ya iya saƙon littafi. Malamai goma in kowannensu ya sayi biyu, sun haɗa akwatin littafi ashirin da zai zagaya makaranta shekara guda. A saya kuwa, kada a tsaya ga fotokofi, don marubucin da kamfanonin ɗab'i irin su Gashingo na Yamai, masu buga littattafai da harsunan ƙasa, su ga amfanin wahalarsu.

Ƙungiyoyi su mai da karatu a fili wani ɓangare na zamansu. Adabinmu da kunne ya fara, kuma babi ɗaya na «Ruwan Bagaja» da aka karanta da murya a fada zai jawo wanda bai taɓa shiga aji ba. Masu harshe biyu a cikinmu, mu da muke cika shafukan wannan mujalla, mu ɗauki aikin fassara da gaske ta fuska biyu. A Senegal an mai da littafin Mariyama Ba zuwa Wolof, harshen mutanen da labarin ya shafa. Manomin Lugu ya cancanci ya ji labarin Sarauniya da harshen da zai gane, ɗalibin Dakar kuma ya cancanci ya san Rabi.

In an tambaye ka littafi, ɗan'uwa, ka tuna ba jarrabawa ake yi maka ba, ba a neman ka nuna iyakar inda karatunka ya kai. Mutum ne ya amince da kai, ya ba ka dararensa na mako guda ya ce ka zaɓa masa abin da zai cika su da shi. Ka zaɓa masa abin da zai gama, abin da zai ga kansa a ciki, abin da zai sa ya dawo ya yi gardama da kai. Ka buɗe masa taga zuwa Faris da Dakar da Konakiri, wannan alheri ne. Amma ka fara nuna masa ɗakin da yake zaune a ciki, domin Hausawa sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.